Hoton Inna na waya

Shekarun baya kaɗan, ina da shagon zane a Garuwa, kan hanyar da ke gangarawa gada. Allon kanti nake rubutawa, in zana wa mahauta shanu, in zana wa masu aski kawuna. Ba zan cika baki ba, akwai mahaucin da ya taɓa tambayata ko rago na zana masa ko kare. Amma fuskar mutum kam, Allah ya hore mini.

Mahaifiyata ta rasu ba ta bar hoto ba. Duk rayuwarta, da an ɗaga waya sai ta ja mayafi. Abin da ya rage sai na katin shaidarta, shi ma ruwa ya taɓa shi, ya dishe. Bayan sadakar arba'in, yayata da ke aure a Mayo-Oulo ta ce mini, “Kai da kake zana kawunan mutanen gari, ka zana mana Inna mana. Kada ƙananan yarana su tashi ba su san fuskar kakarsu ba.”

Na ture duk aikin da ke gabana na zauna. Na sa tsagar kumatunta, da wushiryarta da goro ya rina, da idon hagun nan da take ƙanƙancewa in za ta yi faɗa. Ranar da idon ya fito daidai, ajiye buroshi na yi na fita waje, don gani nake yanzu za ta tambaye ni ko na yi la'asar.

Da babbar salla muka taru a gida, na kawo zanen a naɗe cikin zani. Kafin in kwance shi, ƙanena da ke aiki a ofishin kamfanin auduga ya ciro waya. Ashe ya ɗauki hoton katin ya ba wa manhajar nan ta AI, ta gyara. Wata mace ce fara sol, fata luwai-luwai, haƙora kamar madara, tana murmushi. Wayar ta shiga zagaya tsakar gida. Yayata ta fashe da kuka tana cewa, “Wallahi ita ce! Inna ce!” Kawunmu ya gyara tabarau ya ce da Fillanci, “Boɗɗum, boɗɗum,” wato ya yi kyau.

Sai na kwance nawa.

Can yayata ta ce, “Haba dai, ai ka tsufar da ita. Kuma me ya kai ka ga haƙoran nan?”

Na ce, “Yaya, haka take.”

Ƙanena ya dafa kafaɗata. “Grand, babban yaya, ka yi ƙoƙari fa. Sai dai na wayar ya fi tsafta.”

Na wayar aka kai aka buga babba, kowane ɗaki ya samu. Nawa na mayar cikin zaninsa, na rungume shi a bayan babur ɗin ɗan moto har gida.

Shagon ma bai daɗe ba. Masu kanti suka koma wurin masu buga hoton na'ura, har mahaucin nan mai rago. Yanzu fentin bangon gidaje nake yi, fari ko ruwan ƙasa.

Ba rufe shagon ya fi ci mini rai ba. Na'urar ba ta san Inna ba, abin da ido ke so ta sani, kuma shi ta ba mu. Da ina cewa duk mai zana gaskiya ba zai rasa mai kallo ba. To ga shi cikin gidanmu, waɗanda suka sha nononta, ƙarya mai kyau suka zaɓa. In haka ta faru da uwa, ban san wa zai ƙara neman hannun mutum ba. Ni kaina, in na buɗe zanena yanzu, sai in fara shakka ko da gaske na tsufar da ita.

Bara 'yar yayata ta haihu, aka mayar da sunan Inna. Ranar suna mata suka kanga wayar kusa da fuskar jaririyar, suna ta cewa kamar an tsaga kara. Yayata ta miƙo mini jaririyar ta ce, “Kai ne mai ido. Ta yi kama da Inna ko?”

Na daɗe ina kallon yarinyar. Na rufe ido in kira fuskar mahaifiyata, sai ta cikin wayar ta zo. Na ce, “Allah ya raya,” na miƙa mata 'yarsu.