Fanka Ta Kai Nura Abuja

Jama'a, yau ina ji ina gani fanka ta kai mutum Abuja.

Tun Litinin nake fama da sunayen ɗaliban makarantarmu ta Ƙofar Kwaya. Da na fitar da su daga rumbun kwamfuta zuwa fayil, sai su Ɗanladi da Ƙasimu su rikiɗe su koma kamar rubutun aljanu. Yau dai na gano saitin da ya hana, na canza, na danna, na fita alwala.

Nura, abokin aikina, ya haye kujerata, don kawai nan fanka ke bugawa. Sai ga shugaban makaranta. Ya leƙa, ya ga sunaye sun fito tas.

Ya ce, "Malam Nura, kai ka gyara?"

Nura ya sunkuyar da kai ya ce, "Ikon Allah ne, ranka ya daɗe."

Ina bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga gemuna. To, in ce ba ikon Allah ba ne?

Nan take aka ce shi za a tura kwas Abuja, har da otal. Kwas ɗin da nake hange tun bara!

Yanzun nan ya turo mani saƙo, wai in ara mashi jakar tafiyata.