Turancin Kaka, Kunnen Baba

Har yau in na ji warin kananzir ya gauraya da ƙamshin shayi mai na'ana'a, sai zuciyata ta koma tsakar gidanmu na unguwar Nuzla a ƙasa mai tsarki, shekarar da na zama malamar babana. Ba zan manta da wannan ba muddin ina numfashi.

Baba direba ne, daga Sudan ya taso da mu. Kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya rufe shago, iƙama, wato takardar izinin zama, tana gab da ƙarewa, Umma har ta fara ɗaure tukwane a tsumma. In bai sami sabon kafili ba, jirgin ruwa za mu hau mu koma. Sai aka ce wani ofishi a unguwar Bagdadiyya, masu nema wa Turawa gidajen haya, suna son direba, amma mai jin ɗan Turanci. Ni kaɗai ce mai karanta shi a makaranta. Ni kuwa 'yar fari ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, "yarinyar nan" yake cewa, balle ya zauna gabana ya ce koya mini.

Kaka, mahaifiyarsa, ita ta samo dabara.

"Ke mai kallon taurari da rana tsaka, zo ki koya mini Turancin nan. Bature zan aura."

Kullum bayan la'asar sai in shimfiɗa tabarma gabanta. Baba kuma ya zauna bakin ƙofa, ya ba mu baya, yana gyaran rishon da lafiyarsa ƙalau. Malamarmu ta makaranta ta ce duk aikin ofishin a kan kalma ɗaya yake yawo, da ita muka fara. Estate agent, dillalin gidaje. Real estate, filaye da gine-gine. Estate car, motar nan mai dogon baya da zai tuƙa.

"Isti... me? Wannan ai atishawa ce," in ji Kaka.

Baba bai waiwayo ba ya ce, "Inna, ki ce ta maimaita, ba ki ji sosai ba."

"Yalla, maimaita. Yau kurma ce ni."

Na maimaita a hankali. A bango ina ganin inuwarsa, leɓɓansa suna motsi kamar mai tasbihi.

Ranar da ya tafi gwajin babu wanda ya iya cin abinci. Gab da magariba muka ji hon a lungu, yara suna ihu. Doguwar mota ce koriya, bayanta kamar ɗaki. Ya shigo ya durƙusa gaban Kaka.

"Halas, shi ke nan, Inna, Turancinki ya yi."

Ya ajiye mata ƙunshin alawa. Ta turo mini da ƙafa. "Da wane haƙorin?"

Ni ko kallona bai yi ba, sai da na ɓuya bayan tulu na share hawaye. Yarinta ce. Ban san akwai ƙaunar da take ba ka baya don kunya ba, alhali kunnenta duk yana wurinka.

Bayan rasuwarsa, ina da 'ya'yana, wani dattijo da ya yi gadi a ofishin ya zo ta'aziyya. Ya ce ranar gwajin Baturen ofishin ya tambayi Baba wa ya koya masa Turanci. Baba ya gyara tsayuwa ya faɗi sunana. Baturen ya kasa faɗa, Baba ya yi ta maimaita masa har sai da ya iya.