Igiyar Rama da Kwaɗon Fili

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya halitta wa ɗan Adam hannuwa biyu, bai yi ɗayansu da wasa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

A kakar shekarar da aka haifi ƙanwata Ladi, wata Laraba da hantsi, na tsaya a gindin gorubar bakin rafin ƙauyenmu, yara sun kewaye ni. Akwai wani nonon goruba da ya nuna a can ƙololuwa, samari sun gaji da jifansa. Na zaɓi dutse mai faɗi, na karkace, na sake shi da hannun hagu, sai ga goruba tana zubowa. Ni bahago ne, kuma a lokacin babu yaron da ya kai ni saiti. Ni ake ɗorawa a kan suri in tsare gero daga tsuntsayen jan-baki. Sauran yara sai da majajjawa da ihu da kaɗa gwangwani, ni kuwa hoge kawai nake tarawa a gabana. Idan mun tashi daga makarantar allo, aka ba awaki dusa, aka cika randuna, a filin langa ma rabin hirar a kan jifana take.

Na kwaso gorubar a riga na ruga gida. Na tarar da Baffa Sule, yayan mahaifina, zaune a zaure da baƙi. Cikin murna na zaɓi mafi girma na miƙa masa, ban lura da hannun da na miƙa ba. Bai karɓa ba. Ya dube ni, ya dubi baƙinsa, ya ce, "Da hannun tsarki kake ba ni abinci?" Kafin azahar an kawo igiyar rama, an ɗaure mini hannun a ƙugu ta cikin riga. Kowace safiya Inna ce ke ɗaurawa, domin umarnin babban gida ne. Takan sassauta ƙullin, ta kau da kai kada in ga idonta. Haka na ƙare kakar nan a kan suri, ina jifa da dama, hogen yana faɗuwa a gabana, tsuntsaye suna cin geronsu, yara suna dariya. Da aka kwance ni, hagun ta manta saitinta, damar kuwa ba ta taɓa koya ba.

Sai da na girma na zauna gaban malamai na karanci fiƙihu, na ga inda aka so a gabatar da dama: ci da sha, bayarwa da karɓa, da makamantansu. Ban ga inda aka hana yaro jifan tsuntsu da hagu ba. In ladabin miƙa goruba za a koya mini, magana ɗaya ta isa. Allah Ya jiƙan Baffa, amma har yau idan na ga igiyar rama sai ƙuguna ya tuna.

Bayan tsufa ya kama ni, ɗana Kabiru, wanda yake aikin likita a Birmingham, ya ɗauko ni domin a duba mini ido, na zauna a gidansa a Erdington. Can na tarar da jikana Nura, yaro ne da Hausarsa ke fita da ƙyar, kuma bahago. Yana zuwa wani fili ana koya musu besbol, wasan da mutum ɗaya ke jefa ƙwallo, wani ya yi ƙoƙarin dukanta da kulki. Nura ne mai jifan. Uwarsa ta so a gyara masa hannu, na ce mata, "Ya ci da dama, ya karɓa da dama. Jifa kuwa, a bar masa abin da Allah Ya ba shi." Kocinsu, wani dattijo da ya ci abinci da jifa a ƙuruciyarsa, ya gaya wa Kabiru cewa bahago abin nema ne a wannan sana'a, domin masu kulki sun saba da na dama. Kocin ne kuma mai ƙwace ƙwallon idan yaro ya yi jifan da ya isa, ya ce ya je ya huta.

Sai shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu suka zo. Aka rufe ɗakin karatun unguwa, aka rufe wurin taruwar matasa, wata Asabar muka je muka tarar da kwaɗo a ƙofar filin. Kocin ya koma wajen 'yarsa a wani gari. Nura yakan hau bas zuwa Manchester, ya sauka wajen gwaggonsa a Old Trafford don ya samu wasa, amma can babu mai koyar da jifa. Sauran kwanaki bangon gareji yake jifa shi kaɗai, cikin sanyi da yayyafi, har hannun ya yi nauyi. Duk da haka ya kai inda yake so: wata ƙaramar ƙungiya a ƙetare ta ɗauke shi, tana biyansa. A kakar wasa ta biyu jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke. Kabiru ya daɗe yana duban hoton asibiti, sannan ya ce, "Baba, wannan ciwon tsoho ne. Tun na bangon gareji ne."

Ni an ɗaure ni saboda masu tsawatawa sun yi yawa, shi kuwa ya rasa ko mutum ɗaya da zai ce masa ya isa haka. Jiya ya kawo mini shayi, hagun tana rataye, ya miƙo da dama. Na ce, "Abokina, yaya hannun?" Ya yi murmushin da ba na murna ba, ya ce, "Kaka, ai ga shi na zama na dama." Na karɓa, ban iya sha ba.

Allah Ya ba shi lafiya da abin da ya fi alheri. Mai karatu, Allah Ya albarkaci gidanka, Ya raya maka zuriya, Ya haɗa su da masu sanin lokacin tsawatawa da lokacin saki. Amin.