Goron Barkan Ɗantsoho

Duk mazaunin layinmu a Tudun Wada ya san kukan keken Malam Ɗantsoho. Ana sallame Asuba zai fito, adda ɗaure a baya, gorar ruwa a gaba, ya nufi gandun dajin En'e inda yake gadi. Ba ya dawowa sai la'asar sakaliya, wando duk ƙarangiya. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, tana kuma da wata 'yar kafa wadda ba ni na huda ba, don haka na fi kowa sanin shigarsa da fitarsa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Tunda an koya mini boko a ajin yaƙi da jahilci, na ce mutumin nan ba zai tafi shiru ba.

Aikinsa share hanyar wuta a kewayen daji, da kwance tarkuna, da korar masu saran itace. Amma abin da ya ci ransa wata jar kyanwar daji ce, ta fi ta gida girma nesa, kunnuwanta da baƙin tuntu kamar na jar dara. Muna yara, masu itace kan ga irinta kullum. Yanzu ana sayar wa fasinjojin jirgi fatarsu, masu laya na neman tuntun. Ya ce waɗanda suka rage ba su cika yatsun hannu ba.

To, ga abin da har yau mamakinsa bai sake ni ba. Bara waccan, bayan kaka, matarsa Ishatu ta miƙo mini goro da kunun kanwa ta kan katanga.

Na ce, "Na mene ne?"

Ta ce, "Na barka. An haihu."

Ƙwaryar ta kusa suɓuce mini. Ishatu tsarata ce, tare haƙoranmu suka zube. Na leƙa ta kafa, ba kukan jariri, ba hayaƙin ruwan wanka. Kafin azahar labari ya kai Hanwa, ban san wanda ya kai shi ba. Wasu suka ce ɓoyayyar mata gare shi a ƙauye, wasu suka ce aljana ya aura a gandu.

Ashe Kailani, babban mafarautan yankinmu, ya sa ranar Asabar za su ƙone daji. A wajen gandu suke cinna wutar, amma wuta ba ta san iyakar En'e ba. Ɗantsoho ya roƙe su, sun yi masa dariya. In ya kai ƙara, kafin a zo komai ya zama toka. Sai ya aika musu da goron nan, ya ce su zo barka.

Suka cika zaure, don su ma tsegumi na cinsu. Suka sha kunu, suka tauna goro. Kailani ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya, ya tsare su daga sharrin mutum da aljan." Aka shafa. Ni ma na shafa daga bayan katanga.

Kailani ya gyara zama ya ce, "To Malam, mace ko namiji? Kuma wace ce ta taimaki tsoho?"

Ɗantsoho ya ce, "Biyu ne, ban leƙa sosai ba, uwar ba ta son baƙi. Suna cikin kogon dutse a gandu, tsakiyar ciyawar da wutarku za ta ci jibi."

Wani ya ƙware da kunu.

Kailani ya ce, "Ɗantsoho, a kan kyanwa ka tara mu? Da furfurarka?"

Ya ce, "A kanta. Ba ni da bindiga, ba ni da dogari, kunu gare ni. Ka sha, ka roƙa musu tsari, jama'a sun ce amin. Zinatu 'yarka cikinta ya tsufa. Ranar da ta sauka, da wannan bakin za ka roƙa wa jikanka."

Kailani ya tashi a fusace, har ya bar takalmi ɗaya. Na kwana ina cewa yau an jawo wa layinmu rigima. Asabar ta zo, na wuni ina kallon yamma. Ba hayaƙi. Asabar ta gaba ma haka. Daga baya masu itace suka ga Kailani da adda yana taya Ɗantsoho sharar hanyar wuta. Da suka tsokane shi sai ya ce, "Addu'ata nake dubawa."

Kai ne, Ɗantsoho, garkuwar marasa baki. Kai ne aka laƙaba wa Ungozoman Daji don a yi maka ba'a, ka karɓi sunan kana amsawa. Liman ya yi maka faɗa kan wasa da goron barka, ka sunkuyar da kai ka ce a gafarce ka, amma 'ya'yan nan suna raye. Kai ne Ishatu ta ce ka ɗauki geron da ta ɓoye don azumi, ba ka ko ji kunya ba.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka, ya hutar da ƙafafun nan. Wanda duk za a ba keken da addar, ya sani dajin nan na kowa ne, har da masu tuntu a kunne. Mu kuma na gari, in an kawo fatar, mu ƙi saye. In mun ga mai ashana a bakin gandu, mu yi abin da muka fi iyawa, mu yaɗa shi.

Jiya Ishatu ta sa baki a kafar katanga ta ce in jiƙa gero, an sake haihuwa a kogon. Wannan karon ni zan dama kunun. Goro kuwa, Kailani ya riga ya aiko.