Ranar da Katafila Ta Tsallako Kwalbati

Bayan yaƙin basasa, da mutanenmu suka fara komawa kudu, a cikinsu aka kawo ni Fatakwal. Maigidana mahauci ne. Muka sami ɗaki ɗaya na langa-langa a unguwar Diobu, cikin wani lungu na Hausawa, ɗakuna a jere iri ɗaya, ba lamba ba suna. Ni dai yadda nake gane namu, in na wuce teburin mai shayi, sai wata ƙofa mai shuɗin fenti, sai igiyar shanyar maƙwabciyata, sai mu.

Kuɗin man fetur ya shigo gari, ko'ina tono ake yi. Sai aka yi shela za a rushe gefen da ake kira Mayil Tu saboda sabon titi. Maza suka taru wajen Baba, dattijon da ya zauna a unguwar tun kafin yaƙi. Ina jiyo su ta jikin langa-langa.

“Ku kwantar da hankalinku,” in ji shi. “Mayil Tu a babban kwalbati ya ƙare, mu a bayansa muke. Tun ba a haife ku ba na san iyakar nan.”

Ashe shekarun da Baba ya yi a Arewa yana jiran yaƙi ya ƙare, garin bai jira shi ba. Sunan Mayil Tu ya miƙe ya tsallako kwalbatin, ’yan gari har lungunmu suke kira da shi. A bakin mai kifi na ji. Na kuma ga wasu mutane da doguwar sanda mai jan zane suna awo a bayan makewayinmu. Da na faɗa wa maigida sai ya yi dariya.

“Ke ko ƙadangare ya gifta sai kin ce yaƙi ne ya dawo. Kin fi Baba sanin gari?”

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, maza duk sun fita. Ɗana na fari, ko rarrafe bai fara ba, ya yi barci a kan tabarma. Na ja ƙofa na tafi famfo, can ƙetaren kwalbati. Layi ya yi tsawo. Ina tsaye na ji ƙasa tana rawa, sai ƙarar kwano yana yagewa. Na yar da bokiti.

Katafila ta riga ta shiga lungunmu. Kamfanin titin ya zo da ƙarti masu dorina, suna korar mata. Na ga mai shayi a durƙushe, jini na zuba daga kunnensa, tukunyarsa ta kife a laka. Baba ya fito da carbi a hannu yana nuna kwalbati yana faɗin, “Ba nan ba ne, ba nan ba ne!” Wani ya hankaɗa shi ya faɗa kwata, hularsa ta bi ruwa.

Na kutsa. Dorina ta sauka a bayana, ta sake sauka a wuyana, wani ya fizge mini ɗankwali har da gashi. Kalma ɗaya na sani a Turancinsu, wadda suke kiran yaro da ita, ita na yi ta ƙwallawa: “Pikin! Pikin!” Ni da ko ɗaukarsa ba na yi a gaban manya saboda kunya. Na zube a gaban haƙoran katafila na rungume laka.

Direban ya taka birki. Ya leƙo yana yi mini alama da hannu, wane ɗaki?

Na juya in nuna masa. Babu teburin mai shayi. Babu shuɗiyar ƙofa, babu igiya. Ɗakunan da suka rage sun karkace sun jingina da juna, na tsakiya rufinsu ya zauna. Na nuna wannan, na nuna wancan. Wallahi ban san inda ɗakina yake ba. Shugaban ƙartin ya kama ƙafata yana ja na a kan ƙusoshi, yana yi wa direban ihu ya ci gaba.

Sai direban ya kashe injin.

Shugaban ya sake ni ya haura ya kwaɗa masa mari, ya ƙara masa. Bai kunna ba. Wuri ya yi tsit, sai numfashin mutane. Can na ji kukan yaron, siriri, a hagu, nesa da duk inda na nuna.

Da rarrafe na shiga ta ƙarƙashin kwanon da ya rufto. Katakon rufi ya faɗo ya tokare a kan akwatina, yaron yana ƙasansa, goshinsa ya tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya. Na lashe jinin da harshena don in ga idon. Yana nan, yana kallona.

Ina fitowa aka kunna injin. Ban waiwaya ba, na dai ji tukwanena suna fashewa a bayana. Na zauna a bakin titi na ba shi nono, ya kasa kamawa, sai da wata mata ’yar gari ta riƙe mini kansa.