Turaren Wuta a Akwatunan Yaya Lurwanu

Yaya Lurwanu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutum ne da za ka cinye masa abinci, ka sa takalminsa, ka ɗauki motarsa ka tafi Ɗa'ifa, bai ce maka uffan ba. Amma kada ka kuskura ka taɓa akwatunan fatsarsa. Ni da na tashi a bayansa ban taɓa sa ko ɗan yatsa a ciki ba, kuma ba tsoronsa nake ji ba, fitina ce ba na so.

A unguwar Misfala ta Makka aka haife mu. Mahaifinmu masunci ne daga Yawuri, ya zo aikin hajji ya zauna, ya rasu yana kewar kogi a garin da ko tafki babu. Yaya ne ya gaji wannan ciwon. Rayuwarsa duka a tuƙin motar alhazai ya yi ta, daga Arfa zuwa Muzdalifa zuwa Mina, amma da alhazai sun watse sai ya nufi Shu'aiba, bakin teku. Da ya ajiye aiki kuwa abin ya zama na kowace Asabar.

Shi ba ya sa wa ƙugiya nama kamar sauran mutane. Ado yake mata da gashin tsuntsu har ta yi kama da ɗan ƙaramin kifi, abin da masuntan nan suke kira risha. Gashin zakara yana karɓowa wajen masu yankan kaji a unguwar Utaibiyya, jan zare ya zare daga tsohon rawaninsa, ƙwayar carbin da ya tsinke ya yi ido da ita. Gashin tattabarun Harami kuwa sai wanda ya faɗo da kansa, don ya ce tsuntsun Makka ko korarsa ba a yi, bare fige shi. Na sha hango dattijo cikin farar jallabiya ya duƙa a tsakiyar alhazai yana tsintar gashi, in kau da kai kamar ban san shi ba.

Akwatunan ma ba na masunta ba ne. Na masu sayar da zoben azurfa ne, irin masu soso da tsagogi a jere, wani ɗan ƙasar Yaman mai shago a layinmu yake ba shi tsofaffin. Kowace risha da tsagarta. Tsarin nasa kuwa ba na launi ba ne, ba na girma ba, shi kaɗai ya san kansa. Layin sama na sanyin safiya ne, na ƙasa na ranar da iska ta tashi. Kusurwar dama ta waɗanda suka taɓa kamo babban kifi ce, su sun huta ke nan, ba a sake jefa su. In ya dawo daga teku sai ya ɗauraye kowacce da ruwan daɗi saboda gishiri, ya shanya a soro, ta bushe ƙayau kafin ta koma mazauninta. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce da ita yake lallaɓawa haka da ba ta tsufa ba.

To sai ciwon suga ya shiga cin idonsa. Ni na fara ganewa, ranar da yake zuba mini shayi yana ta hira, shayin kuwa a faranti yake sauka, kofin na gefe. Na riƙe hannunsa na ce tun yaushe. Ya ce ya daɗe, inuwar mutum kawai yake gani, ya kuma roƙe ni don girman Allah in riƙe bakina. Dalilinsa ɗaya ne. Majid, babban ɗansa, shi yake kai shi Shu'aiba tun da ya daina tuƙi, kuma ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa duwatsun can suna da santsi, duk ranar da idon Baba ya gaza, shi da teku sun yi sallama. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, na sani. Amma raba Yaya da teku, ai gara ka raba shi da abinci.

Na riƙe bakina, kuma ko yau aka maimaita haka zan yi. Akwatunan nan su suka rufa masa asiri. Hannunsa ya haddace su, ya buɗe ya zaro wadda yake so ba kuskure, ya ɗaura ta da yatsu da haƙori. Majid yana cikin mota da sanyin na'ura yana danna waya, in ya ɗago ya ga uban yana aiki kamar kullum, sai ya mayar da kai.

Samah ce ta ɓallo ruwa, autarsa, wadda take aure a Jidda. Yarinyar kirki ce, sai dai ba ta iya ganin abu a ajiye ta bar shi. Ta zo sharar gida ana saura kwanaki Salla, ranar Juma'a, uban yana masallaci. Ta buɗe akwatunan, ƙarnin kifi ya buge ta. Mu kuwa nan Makka ko kofin shan ruwa sai mun turara shi da ƙaron mistika, ina ga abin da yake wari. Ta juye ƙugiyoyin kaf a tire, ta wanke soson, ta jera farare wuri guda, jajaye wuri guda, koraye wuri guda, sannan ta kunna garwashi ta zuba itacen oud mai tsada, ta kifa kowane akwati a kan hayaƙin har ya kama.

Tun daga matakala na ji ƙamshin. Da na shiga sai na ga akwatunan a tsakiyar falo. Kafin in buɗe baki sai ga Yaya da Majid sun dawo. Samah ta tare shi da murna, ta ɗora masa akwati a cinya tana jiran yabo. Ya buɗe, ya shaƙa, sannan ya sa mata albarka. Ya kai hannu inda ya saba, ƙugiyar da ba ta wurin ba ta shige masa babban yatsa, jini ya ɗiga a farar jallabiyarsa. Ya yi dariya ya ce ba komai, ya zaro wata ya ɗaga yana cewa ai wannan farar ta layin sama ce. Koriya ce shar.

Majid ya matso, ya ɗaga hannu a gaban fuskar uban, uban bai ƙifta ba.

"Halas, Baba," in ji shi. "An gama da Shu'aiba."

Ranar na zazzage musu kwandon faɗa. Na ce wa Samah wa ya aike ta, kifin teku biki ya zo da za a yi masa turare? Na ce wa Majid da ya taɓa fitowa daga motar nan ya tsaya kusa da ubansa, da tuni ya sani. Ya ce ni ma ai na sani na ɓoye, in Baba ya faɗa ruwa wa zai amsa. Sai na ƙara ɗaga murya. Samah tana kuka, Yaya kuwa ya rufe akwatin a hankali ya shige ɗaki.

Likita ya duba ya ce abin da ya tafi ya tafi. Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Yaya ya daina barkwanci, ya daina neman ƙarin shinkafa, in na je sai in same shi zaune yana fuskantar bango. Tausayinsa ya hana ni sukuni, don ina kallon ɗan'uwana yana ƙarewa a zaune.

Samah ta dawo daga Jidda ba wanda ya kira ta. Ta sauko da akwatunan daga kan kabad, ta zauna a ƙasa gaban uban, ta ce ita ta ɓata, ita za ta gyara, amma sai ya nuna mata. Ya ce ta bar shi. Ta ƙi tashi. La'asar ta yi, suka yi salla, ta koma ta zauna. Can sai na ji ya ce ta kawo ruwan ɗumi, a fara wanke musu wannan ƙamshin tukuna.

Haka suka yi ta yi kullum bayan azahar. Ta ɗauko risha ɗaya ta faɗi launinta, ta ɗora masa a tafin hannu, ya shafa gashin, ya gane ta, ya faɗi tsagarta, ita ta soka. Kowacce kuma sai ya ba da labarinta, kifin da ta kamo da wanda ya tsinke da 'yar'uwarta. Yarinyar da Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, sai ga ta tana gardama da uba a kan wane ne gashin zakara wane ne na tattabara.

Da aka gama, ta kira Majid ta ce ranar Asabar ita za ta kai Baba a motarta, kuma hannunta ba zai saki rigarsa ba. Ya ce bai yarda ba. Na karɓi wayar na ce ni ma da ni za a je, in yana da magana ya zo ya same ni. Bai zo ba.

Muka isa da hantsi. Ta riƙe shi, suka taka duwatsun a hankali, ni ina baya ina fama da gwiwa ina salati. Ya tsaya a bakin ruwa, iska tana kaɗa masa riga, ya ɗaga fuska yana kallon abin da ba ya gani. Mutumin da ya fi son a zare masa rai da ya ce a taimake shi, sai na ji ya yi magana a fili, ba kunya ba ɓoyo.

"Samah, ara mini idonki. Wane launi ruwan yake yau?"

Ta ce kore ne a kusa, can gaba kuma shuɗi. Ya gyaɗa kai, ya ce ta buɗe masa akwati na biyu, a nan rishar irin wannan ruwan take.