Kututturan da Baba ya ƙi tonewa

Shekarar da aka ɗauke ni aikin malamin gona a Dutsin-Ma, aka tura mu bita ta kwana uku kan sauyin yanayi. An nuna mana hoton ƙanƙara tana narkewa a wata ƙasa mai nisa, aka ce magani shi ne dashen itatuwa. Ranar rufewa aka ba kowa dashe ashirin a cikin leda. Na ɗaure nawa a bayan babur na nufi garinmu Tamawa, don in wayar wa mahaifina da kai.

Na tarar da shi a gona yana sassabe. Tun ina ƙarami gonarmu abin dariya ce. Kowa yakan share tasa tas, ya tone kututture ya ƙone. Baba kuwa in ya zo kan kututturen da ya yi toho, sai ya tsuguna ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran. Da haka gawo da kalgo da aduwa da magarya suka cika wurin. Maƙwabcinmu yakan ce har yanzu Baba bai yanke shawara ba, ko gona yake so ko daji.

Na yi masa bayani yadda aka yi mana, har da ƙanƙarar. Ya saurara har na gama.

"To, madalla," ya ce. "Wa zai riƙa ba su ruwa?"

Ba a zo nan ba a bitar. Na ce damina za ta ba su.

"Bayan damina fa?"

Ya nuna wani gawo da bakin gatari. "Wancan ban taɓa ba shi ko moɗa guda ba. Saiwarshi ta girme ni. Ni dai ban kashe shi ba."

Duk da haka ya ba ni gefen gona ta yamma. Na dasa dashen nawa a layi, na ɗauki hoto na kai ofis, aka yaba mini. Kafin rani ya raba, awaki sun ci rabonsu, gara ta ci nata, saura ɗaya. Baba bai taɓa yi mini gori ba. Sai dai in na zo gida ya gama tambayar iyali, yakan ƙara da, "Ya jikin itacenka?"

Wata shekara, bayan shuka ta fito, aka yi iska mai ƙarfi, yashi ya binne geron mutane, da yawa suka sake shuka. Namu bai binnu ba, itatuwa sun tare. Maƙwabcinmu ya zo ya tsaya a kan iyaka ya daɗe yana kallo, sannan ya koma. Da sassabe ya zagayo na ga ya bar kalgo uku.

Labari ya kai jami'a, wani malami ya zo da ɗalibansa. Ya tambayi Baba sunan wannan dabara.

"Ba ta da suna. Haka na ga babana yana yi."

"Me ya ba ka sha'awar kare duniya daga ɗumama, Baba?"

"Awaki na son 'ya'yan gawo da rani," in ji shi. "Gero kuma ya fi kyau a ƙarƙashinshi."

Ɗaliban suka rubuta.

Yanzu gwiwa ta hana Baba zuwa gona, ni nake kula da ita. Bara na ɗauko tarakta. Direban ya zagaya sau ɗaya ya kashe inji, ya ce ba wurin juyawa, sai an cire itatuwa huɗu. Na koma gida na faɗa wa Baba yana zaune a zaure.

"Taraktar ce ta tarar da su," ya ce.

Na sallami direban, na nemo mai garmar shanu. Kwana biyu ya yi yana huɗa, yana kewaye kowace bishiya yana mita, ni kuma ina biye da iri.